Kafin ka sa wa tsohon hoto launi da manhaja

Manhajojin da ke sa wa hoto baƙi-da-fari launi sun cika wayoyinmu. Ka ɗora hoton kakanka, cikin daƙiƙa kaɗan ya fito da shuɗiyar riga. Wa ya gaya wa manhajar cewa rigar shuɗiya ce? Babu. Hasashe ta yi.

A birnin Faris, farkon ƙarni na 20, da hannu ake wannan aiki, da dabarar da Faransawa ke kira pochoir. Ana yanke siffa a jikin siririn farantin tagulla, a ɗora shi kan takardar da aka buga, a shafa fenti da buroshi ta cikin yankan. Kowane launi da farantinsa. Da haka mujallar Gazette du Bon Ton, wadda Lucien Vogel ya kafa a 1912, take fitar da zanen tufafi, kuma a 1925 Jean Saudé ya wallafa littafi kan sana'ar.

Masu wannan aiki suna da zanen asali a gabansu, da shi suke gwada kowane launi. Manhajarka ba ta da asalin da za ta duba, sai abin da ta koya daga hotunan wasu mutane.

Don haka ka ajiye hoton asali. In za ka ɗora mai launin a WhatsApp ko Facebook, ka rubuta cewa manhaja ce ta saka launin. In ba haka ba, jikoki za su ɗauki hasashe a matsayin tarihin gidansu.