Ruwan Famfo da Gubar Dalma

Mun saba auna ruwa da siffofi uku da muka karanta a babin tsarki: launi, ɗanɗano da ƙanshi. Ma'aunin ya isa ga alwala, amma bai isa ga ruwan sha ba, domin dalma tana narkewa cikin ruwa ba tare da ta jirkita ko ɗayansu ba.

A watan Afrilun 2014 mahukuntan birnin Flint a Amurka suka koma jawo ruwa daga kogin garin don tsimin kuɗi, ba su zuba maganin da ke hana ruwa cin bututu ba. Ruwan ya ci tsofaffin bututun dalma, gubar ta kwarara cikin gidaje. Jama'a suka koka, aka ce musu babu komai, har sai da wata likitar yara, Mona Hanna-Attisha, ta nuna a 2015 cewa dalma ta ƙaru a jinin yaran garin. Wannan, a ganinmu, cin amana ne tsantsa.

Mu ma mun san wannan guba: a 2010 ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, ko da yake ta hanyar haƙar zinariya. Tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro, kuma ɓarnar ba ta gyaruwa.

Saboda haka maigidan da ke tsohon gida ya sa mai gyaran famfo ya duba masa bututu. Ruwan da ya kwana a bututu a tara shi don wanki, a jira sabo don sha. Tafasawa kuwa ba ta fitar da dalma, sai ma ta ƙara mata ƙarfi a ruwan da ya saura cikin tukunya.