A Duba Layin Jira Kafin a Share Shi

A ɗakunan kwamfuta na jami'o'i da shagunan buga takardu, magani ɗaya aka saba da shi idan firinta ta ƙi aiki: a kashe ta, a kunna, a yi ta danna maɓallin bugawa. Sau da yawa wannan ba ya warware komai, domin ayyukan da suka maƙale ba a cikin firintar suke ba. Suna ajiye ne a faifan kwamfuta, a layin jira, kuma kowane danni sabon aiki yake ƙarawa. Ranar da hanya ta buɗe sai babi ɗaya ya fito sau biyar, takarda da tawada su tafi a banza.

Saboda haka ya dace ɗalibi ya iya gyara layin jira ta layin umarni. Sai dai yawancin masu koyarwa da umarnin sharewa suke farawa, kuma a nan kuskuren yake.

A Linux da macOS, tsarin CUPS ne ke kula da bugawa. Ya fito a 1999, kamfanin Apple ya saye shi a 2007. Umarnin da ya kamata a fara koya shi ne `lpstat -o`, wanda ke jero ayyukan da ke jira, kowanne da lambarsa da sunan mai shi da girmansa da lokacin da aka aiko shi. Wanda ya karanta wannan jeri zai iya cire aiki ɗaya tak: ya rubuta `cancel` sannan lambar aikin. Sau da yawa ma babu abin da ke bukatar cirewa. `lpstat -p` kan nuna cewa tsarin ne ya dakatar da firintar bayan wata tangarɗa, kamar yankewar waya, sai `cupsenable` tare da sunanta ya mayar da ita bakin aiki.

Shi kuwa `cancel -a` a hannun mai ikon gudanarwa, idan ba a ambaci sunan firinta ba, yana soke ayyukan kowa a dukkan firintocin, ba tare da tambaya ba. A kwamfutar mutum ɗaya wannan ba komai ba ne. A sashen da mutum talatin ke amfani da na'ura ɗaya a makon miƙa kundin bincike, zalunci ne, ko da ba da niyya aka yi ba: wanda ya aiko aikinsa ya tafi masallaci zai dawo ya tarar babu takarda, babu bayani.

A Windows tsohuwar hanyar ta fi tsauri: `net stop spooler`, a goge fayilolin da ke cikin C:\Windows\System32\spool\PRINTERS, sannan `net start spooler`. Ita ma ba ta bambanta aikin wani da na wani, don haka a bar ta sai lokacin da aikin da ya maƙale ya ƙi sokuwa ta kowace hanya.

Shafukan da suka riga suka isa ma'ajiyar firintar kanta sun fita daga ikon waɗannan umarnai. Su kam sai da maɓallin sokewa da ke jikin na'urar, kuma a nan kashe ta na da amfani.