Kwamfutar Isa Da Sabon Birni: A Duba Iska Kafin A Duba Ado

Daga Wakilinmu

A 'yan shekarun nan kwamfuta ta zama kayan aikin da ba makawa sai da shi a ƙananan hukumomin Isa da Sabon Birni, kamar yadda ta zama a sauran sassan Jihar Sakkwato. Akawun sakatariya yana bukatarta wajen tsara albashi, ma'aikacin asibiti wajen lissafin magunguna, ɗalibi kuwa ba shi da zaɓi tun daga 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya a kan kwamfuta. Saboda tsadar sabuwa, akwai matasan da ke sayo kayanta ɗaya-ɗaya daga birnin Sakkwato ko titin Beirut na Kano, su harhaɗa da kansu. Wannan abin yabo ne. Sai dai mun lura cewa mai harhaɗawa yakan ƙarar da kuɗinsa da tunaninsa a kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, sa'an nan in aka zo kan akwatin da za a zuba kayan a ciki, sai ya zaɓi mai fuskar gilashi da fitilu masu launi. A ƙasar Gobir wannan babban kuskure ne.

Dalili na farko shi ne zafi. Duk wutar lantarkin da kwamfuta ta sha, zafi take komawa, kuma dole ne zafin nan ya fita. Furosesa ta zamani idan ta kai wajen digiri 95 zuwa 100 a ma'aunin Selsiyus, sai ta rage gudunta da kanta don kada ta lalace. Masu gwada akwatuna a Amurka da Turai suna yin gwajinsu ne a ɗakunan da ba su wuce digiri ashirin da 'yan kai ba. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafin rana yakan haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano kuma ba ya barinsa a baya. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi. Iskar ɗakin take turawa a kan kayan. Saboda haka injin da ya nuna digiri 78 a ɗakin gwaji na London, idan aka kawo shi Isa da bazara, sai a ƙara masa kusan ashirin. Nan ne akawu zai ga injin da aka saya da tsada yana tafiyar hawainiya da azahar, ya ɗora laifin a kan mai sayarwa, alhali kuwa gilashin da ya toshe gaban akwatin ne ya hana shi numfashi.

Abin da ya dace da mu shi ne akwati mai faɗi irin ma'aunin ATX, wanda kamfanin Intel ya fito da shi a 1995 kuma har yanzu kayansa ne suka fi samuwa a kasuwa, gabansa kuma ya zama raga. A sa fanka biyu ko uku masu faɗin milimita 120 ko 140 a gaba suna shigo da iska, guda ɗaya a baya tana fitarwa.

Mai karatu zai ce, to, ƙura fa? Tambaya ce mai kyau, domin daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazon hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yana ratsowa ta Jamhuriyar Nijar, garuruwan bakin iyaka irin su Sabon Birni kuwa suna cikin waɗanda ke fara karɓarsa. Amma akwatin gilashi ma bai tsira ba, ƙura tana shiga ta kowace kafa. Dabarar ita ce iskar da ke shiga ta fi wadda ake fitarwa yawa, kuma ta bi ta matatar ƙura wadda ake iya zarewa a wanke. In aka yi haka, rarar iskar za ta riƙa turowa waje ta ƙananan kafofin, ƙura ba ta samun hanya sai ta matata. Wanda ya juya lissafin, ya yawaita fankar fitarwa, ya mai da akwatinsa mazuƙar ƙura ke nan.

Sai maganar abin sanyaya furosesa, inda muka fi jin tsoron a yaudari ɗalibai. Iri biyu ne. Akwai na iska, wanda curin siraran ƙarafa ne da bututan jan ƙarfe da fanka. A cikin kowane bututu akwai ɗan ruwa da aka rufe ruf, wanda zafi ke mai da shi tururi ya hau sama, ya huce ya dawo. Ilmin da ke sanyaya ruwan randa ne, sai dai a nan ruwan ba ya fita. Akwai kuma na ruwa, mai famfo da tiyo da lagireto kamar na mota. Ba mu musun cewa babban lagireto yana iya fin na iska ɗaukar zafi idan injin mai cin wuta sosai ne. To amma famfo yana mutuwa, ruwan yana raguwa a hankali da shekaru, ƙura kuma tana toshe lagireto da wuri. Ran da famfon ya tsaya, aiki ya tsaya, sai an sayo wani sabo gaba ɗaya. Kowa ya san halin rashin tsaron da hanyoyin wannan yanki suka shiga a shekarun baya-bayan nan, har a watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a Isa da Sabon Birni da wasu ƙananan hukumomin jihar. Bai kamata a sa yaro ya hau mota zuwa Sakkwato saboda famfon kwamfuta ba. Na iska kuwa abin da zai iya mutuwa a jikinsa fanka ce kawai, wadda ake iya ajiye ta biyu a durowa, a sauya cikin minti goma.

Hanya mafi sauƙi ta rage zafi ita ce kada a haifar da shi da yawa. Furosesa mai wat 65, irin su Ryzen 5 5600G ko Core i5-12400, ta ishi aikin ofis da karatu har da ƙari, ba ta ma bukatar katin hoto na dabam. Inda wutar kamfani ba ta da tabbas, ana dogara da janareta ko sola da batir, kowane wat kuɗi ne. Haka nan akwatin raba wuta na cikin injin, a nemi mai shaidar 80 Plus, wadda ke nufin aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya ja tana kaiwa ga kayan, ba ta ɓacewa a zafi. Wanda ake bayarwa kyauta tare da akwati mai araha, gara a bar wa mai kanti abinsa.

A ɗora injin a kan tebur, nesa da ƙasa da taga, a bar tazara tsakaninsa da bango. Tsohon soro mai kaurin bango ya fi ɗakin kwano yi masa daɗi. Da hunturu a riƙa wanke matata kowane mako, ta bushe sarai kafin a mayar, in za a hure cikin akwatin kuma a riƙe fankar da yatsa.

Kiranmu na musamman yana kan jami'an da ke rubuta takardun kwangilar sayen kayan ofisoshi da makarantu. Galibi takardar takan faɗi irin furosesa da girman ma'adana, ta yi shiru a kan akwati da sanyaya, ɗan kwangila kuwa ya kawo mafi araha. Wasu za su ce ai za a sa na'urar sanyaya ɗaki. Da wace wutar? A rubuta a fili cewa gaban akwati raga ne mai matata, fankokin shiga sun fi na fita, abin sanyayawa na iska ne, kuma kowane inji ya zo da fanka biyu na ajiya. Kafin a sa hannu a biya kuɗi, a kunna injin a ɗakin da zai zauna, da tsakar rana, a ba shi aiki mai nauyi na awa guda, jami'i ya karanta ma'aunin zafinsa da idonsa.