Aikin Shago Ma Ilimi Ne: A Rubuta Shi A Takardar Neman Jami'a

Kowace shekara 'ya'yan 'yan kasuwa da yawa daga Legas, Ibadan, Fatakwal da Abuja kan cike takardun neman shiga jami'o'in Amurka da Ingila, amma akasarinsu sukan ɓoye abin da suka fi ƙwarewa a kai. Yaron da ya shekara huɗu yana riƙe da littafin lissafin shagon mahaifinsa a kasuwar Mile 12, ko yarinyar da take sayar da atamfa da turare ta wayar hannu, sai su ga kamar wannan ba abin faɗa wa malaman jami'a ba ne. Wannan kuskure ne babba, kuma iyaye su ne ya kamata su fara gyara shi.

Dalili kuwa shi ne, jami'o'in waɗannan ƙasashe ba sakamakon jarrabawa kaɗai suke dubawa ba. Tsarin Common App, wanda fiye da jami'o'i 1,000 suke amfani da shi, ya ware gurbi domin ɗalibi ya lissafa ayyuka har goma da ya yi a wajen aji, ciki har da aikin neman kuɗi da ɗawainiyar iyali, sannan ya rubuta bayani a kansa wanda bai wuce kalmomi 650 ba. A Ingila ma, hukumar UCAS ta raba bayanin ɗalibi zuwa tambayoyi uku ga masu shiga a shekarar 2026, kuma ta ukun tana neman sanin abin da ya yi a wajen makaranta da amfaninsa ga karatun da yake nema. Wanda ya tashi a kasuwa ya bar wannan gurbi fanko, ya yi wa kansa asara.

Sai dai akwai yadda ake faɗa. Cewa "ina taya mahaifina ciniki" ba ya nuna komai. Abin da zai ja hankali shi ne takamaiman bayani: shekara nawa aka yi, sa'a nawa a mako, wane nauyi aka ɗauka, wace matsala aka warware. Ɗalibin da ya bayyana yadda ya sauya farashin kaya bayan cire tallafin man fetur a shekarar 2023, ko yadda ya karɓo bashin da ya maƙale ba tare da ya rasa abokin ciniki ba, ya nuna sanin tattalin arziki fiye da wanda ya haddace littafi. Haka kuma ba laifi ba ne a ambaci faɗuwa, domin wanda jarinsa ya taɓa karyewa ya san darajar lissafi. Wajibi ne kuma a ajiye shaida, kamar rasit, bayanin asusun banki, takardar rajistar suna daga hukumar CAC, ko wasiƙar shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa. Ƙarin gishiri kuwa yana iya jawo a janye gurbin da aka riga aka bayar.

A nan gida lamarin ya bambanta. Tun da aka kafa hukumar JAMB a shekarar 1978, maki ne ke yanke hukunci, kuma jarrabawar tantancewa da jami'o'i suka soma a shekarar 2005 ita ma maki ce. Babu wurin da mai neman gurbi zai ce ya taɓa juya jari. Abin mamaki shi ne, a shekarar 2006 gwamnatin tarayya ta ba da umarnin a riƙa koyar da darasin sana'a da dogaro da kai a manyan makarantu. Ke nan jami'a tana koyar da abin da ba ta tambaya a bakin ƙofa. Wannan kuwa yana faruwa ne a ƙasar da binciken hukumar SMEDAN da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ya nuna tana da ƙanana da matsakaitan sana'o'i fiye da miliyan 39 a shekarar 2020.

Masu adawa da sauya tsarin suna da hujja. Maki yana da sauƙin tantancewa, alhali labarin sana'a kowa yana iya ƙirƙira, kuma mai hali zai iya buɗe wa ɗansa kamfani na takarda. Akwai kuma tsoron kada a mayar da tallan da ke hana yara zuwa makaranta abin yabo. Maganin wannan shi ne a taƙaita abin: maki ya ci gaba da zama ginshiƙi, sana'a kuma ta zama abin raba gardama tsakanin ɗalibai biyu masu maki ɗaya, musamman a sassan kasuwanci, akanta da tattalin arziki, bayan an yi wa ɗalibin tambayoyi baki da baki.

Kafin hukumomi su kai ga haka, ƙungiyoyin 'yan kasuwa suna iya fara ba yaran shago takardar shaidar aiki mai hatimi, iyaye kuma su riƙa damƙa wa 'ya'yansu littafin lissafi da sunansu a kai. Ranar da aka buƙaci shaida, ba za a shiga neman ta ba.