Obalodi laifi ne a tasha, a kwamfuta kuwa dabara ce

Hutun da ya wuce ɗan ƙanena ya zo gida Alakoss daga Damagaram, inda yake koyon rubuta manhajar kwamfuta. Na tarar da shi a gindin aduwa yana haddar wani shafi na Faransanci kamar mai tilawa. Sunan darasin surcharge, abin da ƴan tasha ke kira obalodi. Na ce, "Ɗana, mene ne shi?" Ya karanto mini ma'anar tiryan-tiryan. Na ce to faɗa mini da Hausa. Sai ya yi shiru.

Ni malamin lissafi ne, ba gwanin kwamfuta ba, amma da na zauna da littafin dare ɗaya sai na ga abin bai kai yadda ake tsoronsa ba. A harsuna irin Java, wanda ya fito a 1995, ana gina manhaja ne a kan abubuwa, kowane abu da ayyukan da yake yi, kowane aiki da sunansa. A ce abin gona ce, aikin kuma lissafa girmanta. Sai ka rubuta aikin sau biyu da suna ɗaya. Na farko girma(gefe), na gonar da gefunanta huɗu suke daidai. Na biyu girma(tsawo, faɗi). In ka ba da lamba ɗaya, kwamfuta ta ɗauki na farko. In biyu ka bayar, ta ɗauki na biyu. Yawan abin da ka miƙa take dubawa, da irinsa, da jerinsa. Umarnin println da kowane ɗan koyo ke fara rubutawa a Java ma kala goma ne a ƙarƙashin suna ɗaya, akwai na lamba, akwai na rubutu, har da wanda ba a ba shi komai.

Washegari na tambayi yaron, "Me ake nufi da ci?" Ya ce sai ya ji abin da aka ci. Madalla. Cin tuwo daban, cin kasuwa daban, cin jarrabawa daban, cin amana kuma Allah ya kiyaye. Kalma ɗaya ce, abin da ya biyo ta shi ke fayyace aikin. Ya yi dariya ya ce, "Baba, shi ke nan?" Tun yana goye yake jin obalodi a bakin uwarsa.

Sai dai misalin yana da iyaka, kuma dole malami ya faɗa. Hausa ta yarda ci ya yi ayyukan da ba su da dangi, amma mai rubuta manhaja da ya sa wa tarawa da gogewa suna ɗaya ya haƙa wa na bayansa rami. Auna ya fi dacewa: gero da tiya, mai da lita, atamfa da yadi, duk awo ne. Sannan a Python abin ba haka yake ba. In ka maimaita suna, na biyun ya shafe na farko.

Wani malami ya ce mini ɓata lokaci ne, tunda jarrabawa da Faransanci ake yi, umarnin kwamfuta kuma Ingilishi ne. Gaskiyarsa ta nan. Ban ce a fassara println ba. Na ce yaro ya fara gane abin da harshen da yake tunani da shi, sunan Turawa ya biyo baya. Wannan ba sabon abu ba ne a jiharmu: a Damagaram aka buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa da Faransanci tun 1973, kuma a Maris 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar. Yaran da Barbarci ko Buzanci ne harshen gidansu, malami ya nemo musu misali daga can.

Iyaye kuma, kada rashin wuta ko kwamfuta ya sa ku ce wannan karatun ƴaƴan birni ne. Darasin nan kaf a ƙasa muka yi shi, da tsinke. Da zai koma sai ya ce in nemo masa misalin gado, wai shi ne babi na gaba. Na ce ya je wurin kakarsa.