Zanen Gida Ya Fi Na Aro

'Yan'uwana ɗalibai, don me kullum a ɗakin koyon kafinta muke kwafar zanen littattafan Turai? Ga dagin Arewa, ga aska takwas ta babbar riga, ga zanen ƙwarya a kasuwannin Dutsin-Ma da Kurfi. A ganina, su ya kamata mu zana, mu manna a katako, mu yanka.

Sai dai zanenmu lanƙwasa gare shi, sai siririn zarto mai ƙananan haƙora. Mai manyan haƙora na katako mai kauri ne. Bara shi ya tsage mini dagin da na yi mako guda ina aikinsa.

Masu zanen ƙwarya suna tsufa, roba ta cika kasuwa. Idan ba mu kwafa yau ba, wa za mu tambaya gobe? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.