Gasar wasannin bidiyo: filin wasan na wane ne?

Duk wanda ya leƙa ɗakunan PlayStation a Maradi ko Damagaram ya san akwai gwanaye cikin matasa. Wuyar ita ce shirya gasa: rubuta sunaye, haɗa abokan karawa, da nuna wasan kai tsaye ga ƴan kallo. Wannan aiki ne wasu ƙananan kamfanonin intanet suka ɗauka, galibi kyauta.

Sai dai da zarar sun bunƙasa, manya ke sayensu. Twitch, mai watsa wasanni, an buɗe shi a 2011, Amazon ya saye shi a 2014 kan dalar Amurka kusan miliyan 970. Microsoft ya sayi smash.gg, mai tsara gasa, a 2020. A 2022 kuma wani kamfanin asusun gwamnatin Saudiyya ya haɗa FACEIT da ESL ya saya kan dala miliyan 1500.

Dalili kuwa a fili yake: watsa bidiyo na cin kuɗi, ƴan wasan unguwa kuma ba su biya, sai a dogara ga talla. Inda riba ta gaza, sai a rufe. Microsoft ya rufe Mixer a 2020, Twitch ya janye daga Koriya ta Kudu a 2024 saboda tsadar layin intanet.

Don haka masu shirya gasa a ƙasarmu su yi amfani da waɗannan dandamali, amma su adana sunayen ƴan wasansu da sakamako a hannunsu. Kayan aro ba ya rufe katara.